Hajiya, ki bar shi ya je Kintampo, amma ba haka kawai ba

Wata Hajiya daga Aboabo a nan Kumasi, ƙasar Ghana, ta aiko mini da tambaya. Ƙungiyar samarin layinsu ta shirya ɗaukar mota bayan Sallah zuwa magangarar ruwa ta Kintampo, kuma ɗanta mai shekara 15 ya nace sai ya bi su. Ya nuna mata bidiyo a waya, yara na hawa falalen dutse suna zamowa cikin ruwa suna ihu. Ita hankalinta bai kwanta ba. Maigidanta kuwa ya ce ta bar yaro, shi ma da ƙuruciyarsa ya yi irin wannan zamiya a rafin garinsu, ga shi nan garau. Tana so ta ji, ni da nake aikin jinya a sashen gaggawa, me na gani: ta bar shi ko ta hana?

Hajiya, Allah ya raya mana su. Amsata a taƙaice ita ce ki bar shi, idan an cika wasu sharuɗɗa da zan faɗa miki, in kuwa ba a cika ba ki hana shi ko da zai kwana uku yana fushi. Amma kafin sharuɗɗan ina so ki san wanda ke ba ki amsa, don ba daga littafi kaɗai na san wannan wasa ba. A Zangon Kintampo aka yanke mini cibiya. Kakanninmu fataucin goro ya kai su can, lokacin da kasuwar Salaga ta ja baya, hanyar fatake ta karkato ta Kintampo. Na yi zamiya a kan dutse har ban san iyakar wandon da na kashe ba.

Akwai wani ƙaramin rafi a bayan gari da muke zuwa ranar Alhamis, da yake babu makarantar allo. Falalen dutse ne ya kwanta a gicciye, ruwa na malala a kansa siriri, bai fi kaurin tafin hannu ba, ƙarshensa kuma wani gurbi mai zurfin da ya kai mu ƙirji. Za ka zauna a sama, sanyin ruwan ya ratsa ka, ka ɗaga hannu, wani ya ɗan tura ka ta baya. Daga nan ba ka da sauran iko. Iska na kaɗa kunnenka, cikinka ya yi kamar ya tsaya a sama ya bar ka, kafin ka gama buɗe baki ka ji ka tsundum. Ka fito kana tari kana dariya, ka sake zagayawa ka hau. Mukan wuni a haka, da ɗanyen mangwaro da gishiri a ƙulle, sai mun ga inuwa ta miƙe mu ruga gida kada la'asar ta kuɓuce. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙen dutse da rana ta daka, can zuciyata take komawa. Saboda haka ba zan ce miki abin da yaron nan yake so shirme ba ne. Abu ne mai daɗin gaske, kuma yaron da ya tashi tsakanin kwata da kwalta a Aboabo yana da haƙƙin ya san yadda ruwan Allah yake a daji.

Sai dai akwai abin da Alhaji ya manta da shi cikin labarinsa, na tabbata in kika tambaye shi zai tuna. Mu ba baƙi ba ne a wurin dutsenmu. Mun san kowane tsagu da ke jikinsa. Mun san gefen hagu ake bi, don a dama akwai wani ƙaho da ke yanka cinya. Akwai manyanmu, 'yan shekara 18 ko 20, waɗanda ba wanda zai hau sai sun fara shiga gurbin sun tattake shi da ƙafa ko'ina, sun tabbatar ruwan jiya bai gangaro da dutse ko kututture ya ajiye a ciki ba. In suka kalli sama suka ce yau babu, to babu, kowa ya ɗauki rigarsa. Ba wanda ya kira wannan doka ko tsari, amma shi ne abin da ya tsare mu. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗanki kuwa zai je baƙo, bayan tafiyar awa uku ko huɗu a mota ta Techiman, cikin taron samari masu zumuɗi da suka biya kuɗinsu, waɗanda suka san yau ɗaya gare su, kuma kowa na so a ɗauke shi a waya. Dutsen bai canza ba. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da ya san shi. Duk sharuɗɗan da zan ba ki ƙoƙari ne na mayar da wannan mutumin wurinsa.

Bari in ɗan bayyana miki yadda abin yake aiki, don in kin fahimci dalili, ba sai kin haddace doka ba.

Duwatsun yankin Kintampo asalinsu yashi ne da ya kwanta hawa-hawa ya daskare tun zamani mai nisa, shi ya sa za ki gan su shimfiɗe kamar an jera faranti. Ruwa ya daɗe yana gogar su har suka yi sumul. Amma ba laushin dutsen kaɗai ke kawo santsi ba. Akwai wata gansakuka siririya mai yauƙi da ke manne a duk inda ruwa ke bi kullum, wani lokaci ido ma ba ya ganin ta. Ita ce ke sa zamiyar ta yi daɗi, ita ce kuma ke kayar da mutum. Yawancin raunin da na gani daga irin waɗannan wurare ba a lokacin zamowa aka same shi ba. A lokacin hawa ne, ko lokacin da yaro ya miƙe tsaye a kan jiƙaƙƙen dutse zai gyara tsayuwa a ɗauki hoto. Ƙafa ta kwashe, ƙeya ta bugi dutse. Wanda ke zaune yana zamowa, nisan kansa da dutse kaɗan ne. Wanda ke tsaye, kansa zai faɗo daga tsawon jikinsa duka.

Sai batun gudu. Mutane suna raina shi saboda gangaren ba ya kama da wani abin tsoro. Idan tsayin wurin da aka fara zamowa ya kai mita 5 daga saman ruwa, kuma santsin ya cika, mutum kan iso ƙasa da gudun da ya doshi kilomita 35 a awa. Gudun babur ke nan a cikin unguwa. Ki ɗauka yaro ne a kan babur da wannan gudu, babu hular kwano, babu birki. In ruwa mai zurfi ne ya tarbe shi, ƙafa a gaba, babu komai, ruwan zai shanye ƙarfin. In dutse ne a ɓoye a ƙarƙashi, idon sawu ko ƙashin zama ne zai biya. In kuma da kai ya taho, wuya ne.

A nan zan dakata, don wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Muna da shekara 16, an yi ruwa mai ƙarfi da daddare, washegari muka je rafin su manyanmu ba su zo ba. Wani abokina, wanda ya fi mu duka iya iyo, ya kwanta rubda ciki ya zamo da kai, abin da ya saba yi sau ba adadi. Ruwan daren ya mirgino da wani dutse ya ajiye a tsakiyar gurbin. Muka ga ya taso yana kife bai motsi. Muka jawo shi ta hannu da ƙafa, kansa na reto, muka zaunar da shi muna jijjiga shi, aka goya shi a baya har bakin hanya. Duk abin da bai kamata a yi wa mai raunin wuya ba, mun yi masa, cikin ƙauna da rashin sani. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya rayu, ya yi aure ya haifi 'ya'ya, amma hannunsa na dama bai sake riƙe alƙalami ba, kuma yana jan ƙafa har yau. Na yi shekaru ina tambayar kaina nawa ne daga cikin wannan lahani dutsen ya yi, nawa ne kuma hannayenmu suka yi.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, laka na bi ta tsakiyarsu, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da ƙirji. Idan tsakar kai ta bugi abu ta tsaya cak, sauran jiki bai tsaya ba, nauyinsa duka yana tahowa ya danne wuya. Galibi ƙashi na 5 da na 6 ke fashewa. In ɓaraguzan suka taɓa laka, hannu da ƙafa su mutu nan take, kuma mutum yana cikin ruwa, da hankalinsa, ba ya iya juya fuskarsa ya shaƙi iska. Lakar da ta yanke ba ta haɗewa, babu likitan da ya iya ɗinke ta. Don haka sharaɗi na farko, wanda ba na sassauci a kansa: ƙafa a gaba, a zaune ko a kwance rigingine, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kuma na baya ba zai sako kansa ba sai na gaba ya fita daga inda ake faɗawa. Jerin gwanon da samari ke yi, su riƙe ƙugun juna mutum biyar ko shida, na ƙarshe yakan sauka ne a kan wuyan na farko. Ki sa ya yi miki alkawarin wannan a gaban mahaifinsa, ido cikin ido.

Na biyu shi ne sama. Ruwan magangarar Kintampo na kogin Pumpum ne, wanda ke gangarawa ya haɗu da Baƙin Volta, kuma yana saukowa hawa uku, na ƙarshen shi ne mafi tsayi, wajen mita 25. Kogi ba a inda kike tsaye yake farawa ba. Ana iya sheƙa ruwa can sama inda ba ki gani, ke kuwa rana na dukan ki, bayan ɗan lokaci ruwan ya iso. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ke kallo: ruwan ya fara sauya launi zuwa ja, ganye da ƙirare su fara tahowa, ƙarar ta ƙaru, dutsen da ɗazu yake bushe ya fara jiƙewa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya fita, ba sai ya nemi takalminsa ba. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa kilo 1,000 ne, kuma in gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninki huɗu yake yi. Ruwa iya gwiwa mai gudu yana kayar da ƙato a kan dutse mai santsi.

Ba ruwa kaɗai hadari ke kawowa ba. Na san kina tuna ranar Lahadi 19 ga Maris 2017, da guguwa ta taso wata ƙatuwar bishiya ta faɗo daga sama kan masu wanka a wannan magangara. Mutum kusan 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare da suka zo yawon buɗe ido daga Wenchi. Allah ya ba iyayensu haƙuri. An rufe wurin na watanni, aka yi gyare-gyare kafin a sake buɗe shi. Ina kawo wannan ne don ki lura da watan: Maris, farkon damina, lokacin da ruwan farko ke zuwa da iska mai tumɓuke itace. A yankinmu damina biyu ce, babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Da yake Sallah tana zagayawa cikin shekara, ki duba a wane yanayi tafiyar ta faɗo. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan ya fi kwanciya, sai dai in ya ja baya sosai gurbin kan yi ƙasa, duwatsun ciki su matso kusa, don haka dubawar nan da ƙafa ba ta faɗuwa a kowane wata. Su tashi daga Kumasi da asuba su shiga ruwa da hantsi, don hadarinmu ya fi haɗuwa da yamma. In an ji tsawa ko iska ta fara kaɗa rassa, kowa ya bar ruwa ya bar gindin bishiya, kuma ba a komawa sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba. In ma'aikatan wurin suka ce a fito, a fito, ko da minti goma kacal aka yi da shiga, ko da kuɗin mota na ƙuna.

Na uku, wanda ya fi sauran wuyar samu: mutum guda babba wanda aikinsa kallo kawai. Ba direba ba, ba mai rabon waakye ba, ba mai ɗaukar bidiyo ba. Mutumin da zai tsaya a bakin gurbin da tufafinsa, wayarsa a aljihu, yana ƙirga kawuna. In yaran sun kai 30, mutum ɗaya bai isa ba, a samu uku ko huɗu su riƙa karɓar juna. Dalili shi ne nutsewa ba ta da hayaniya. Mai nutsewa ba ya ihu, don duk iskar da ya samu ta numfashi ce, ba ya ɗaga hannu yana kira, yana tsaye ne a cikin ruwa, kansa a ɗage baya, bakinsa na shiga yana fita. Cikin ƙasa da minti guda ya ɓace, abokansa na wasa kamu biyu daga inda yake. Ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, kuma yara da matasa ne kan gaba.

A gindin magangara akwai ƙarin tarko biyu. Inda ruwa ke dukan gurbi yana fari fat da kumfa, rabinsa iska ce, ba ya ɗaukar jiki kamar ruwa kwantacce, gwanin iyo ma sai ya ji yana yin ƙasa. Sannan ruwan da ya daki ƙasa yakan murɗo ya dawo baya wajen dutsen, ya riƙa mayar da mutum inda ya fito. Mutanenmu kan ce mutanen ruwa ne suka riƙe shi. Ni ba na jayayya da abin da ban gani ba, amma wannan juyin ruwa na gan shi da idona, kuma maganinsa shi ne kada a matsa kusa da inda ruwan ke zuba da ƙarfi. Haka nan kada a miƙe tsaye a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, don ƙafa kan shige tsakanin duwatsu biyu, ruwan ya kifar da mutum ya danne.

Hajiya, ba ki gaya mini ko yaron ya iya iyo ba, kuma amsata ta rataya a kan wannan. In ya ce miki ya iya, ki tambaye shi a ina ya koya. Da yawa daga yaran Zango abin da suke kira iyo shi ne tsalle-tsalle a inda ƙafarsu ke taɓa ƙasa. In bai iya ba, zai iya zuwa, ya zamo a ƙaramin wurin da ruwan tarbarsa bai wuce ƙugu ba, ya bar wa wasu zurfi. Kuma in da hali, kafin tafiyar a kai shi wurin koyon iyo a nan Kumasi ko sau biyar ko shida ne, ya koyi kwanciya rigingine a kan ruwa ya yi numfashi. An ruwaito Sayyidina Umar yana umartar a koya wa yara iyo, mu ne muka yi sakaci da shi.

Akwai yaran da nake cewa a'a kai tsaye. Mai farfaɗiya, sai in likitansa ya yarda kuma akwai babba da zai tsaya dab da shi. Mai ciwon sikila, wanda yake da yawa a ƙasar nan, wajen jarirai 2 cikin 100, sanyin ruwa da gajiya da ƙishirwa na tayar masa da ciwo, to ya je ya kalla, ya jiƙa ƙafa, ya sha ruwa da yawa, kada ya wuni a jiƙe. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa. Sannan wata magana mara daɗi da dole in faɗa: ki san su wane ne za su shiga motar. In a cikinsu akwai masu shan tramadol ko wiwi ko giya, wannan kaɗai ya isa ki hana. Wanda ya sha ba ya jin sanyi, ba ya jin tsoro, kuma shi ne mai tura na gabansa.

Ga abin da nake so ki isar wa shugabannin tafiyar, ko ki ba su wannan rubutu su karanta. Su tafi da igiya mai tsawo da galan ɗin nan rawaya da muke kira na Kufuor, babu komai a ciki, murfinsa a ɗaure. Yana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. In wani ya shiga matsala a miƙa masa sanda ko a jefa masa galan, kada a yi tsalle a bi shi, don mai nutsewa yakan cafke mai cetonsa su tafi tare. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɗaga shi ƙafa sama, kada a danna cikinsa wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai ya shiga huhu. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, a hura sau 2, a ci gaba a haka ba tsayawa, wani kuma na kiran lambar gaggawa ta 112. Duk wanda ya shaƙi ruwa har aka ceto shi, ko ya tashi yana cewa lafiyarsa lau, in yana tari ko numfashinsa na sauri a kai shi asibiti a duba shi na wasu awanni, don huhu kan kumbura daga baya.

In kuwa kai ne ya bugu, ko yana kukan wuya, ko ya ce hannunsa na masa kamar ana tsira allura, to a riƙe kansa da hannu biyu daidai da jikinsa, fuskarsa a waje da ruwa. Kada a zaunar da shi, kada a goya shi, kada a ɗora shi a babur. In dole a matsar da shi, mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi gaba ɗaya kamar katako, ɗaya na riƙe da kai, a ɗora a kan ƙofa ko benci. Ina girmama maɗoran gargajiya, na ga karayar da suka ɗora ta warke, amma wuya da baya ba nasu ba ne, jan da za a yi shi ne zai ƙarasa lakar.

Bayan ya dawo gida ma akwai sauran aikinki. Ki tambaye shi ko ya faɗi, ki tambayi abokinsa ma, don yaro kan ɓoye kada a hana shi gobe. Akwai irin zubar jini a cikin kai da mutum zai suma na ɗan lokaci, ya farka ya yi hira ya ci abinci, bayan wasu awanni ya fara ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barcin da ba a iya tayar da shi, ko magana ta rikice. In kin ga haka cikin kwana biyun farko, ko da tsakar dare ne, ku nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, kada a tsaya sayen maganin ciwon kai a kanti. Ƙujewar da dutse ya yi masa a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, in yankan ya yi zurfi a duba batun allurar tetanus.

Sai tsargiya, wadda mu da ƙuruciya muka ɗauka kamar ba ciwo ba, har wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce. Ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Wasu ƙananan dodon koɗi ne na ruwan daɗi ke sakin tsutsar, ta huda fata ta shiga ba tare da an ji ba. Sun fi son ruwa kwantacce mai ciyayi, shi ya sa cutar ta bazu ƙwarai a gaɓar tafkin Volta bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Ruwa mai gudu a kan dutse bai cika yi musu daɗi ba, amma kowane rafi yana da gefen da ya lafa, kuma samari kan tsaya a hanya su faɗa duk ruwan da suka gani. Ki gaya masa ban da wannan, musamman rafin da ya koma ruwan kunu saboda galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ramukan da masu haƙar suka bari ruwa ya cika, waɗanda gefensu laka ce mai zubewa, in an faɗa babu mariƙa. Kada ki yi gaggawar saya masa praziquantel, maganin tsargiya, ranar da ya dawo, maganin bai cika kashe tsutsar tana ƙarama ba. Ki bari a yi wata biyu zuwa uku, in ya ga jini a ƙarshen fitsari ko yana jin zafi, ko ma kina so kawai hankalinki ya kwanta, a kai fitsarinsa gwaji.

Kayan da zai saka kuwa: gajeren wando mai kauri da ya rufe gwiwa, wanda ba za ki ji ciwon yagewarsa ba, da riga mai kama jiki, da takalmin roba mai maɗauri a dunduniya, ban da silifas. In akwai 'yan mata a tafiyar, su suturta jikinsu da dogon wando da riga da ɗankwali ɗaure tamau, su ajiye zani da dogon hijabi a bakin ruwa, don yadi mai yawa in ya jiƙe nauyi yake yi, yana naɗe ƙafa yana maƙalewa a dutse. Ki haɗa masa da busassun kaya na dawowa da tawul.

Tun da Alhaji ya san daɗin abin, ni a ganina shi ya fi dacewa ya shiga motar nan ya zama ɗaya daga cikin masu tsayuwa a bakin ruwa. Ki gaishe shi, ki ce in ji ni ya fara shiga gurbin da kansa ya tattaka kafin yaro ko ɗaya ya hau dutse.